Masta Brimah da Injin Tace Koko

Akwai wani mai walda a Suame Magazine, unguwar makanikai da maƙera nan Kumasi, ana kiransa Masta Brimah. Gidansa yana Ayigya Zango, amma in ka ce Magazine ne gidansa ba ka yi ƙarya ba, don tun yana ɗan shekara goma sha huɗu yake cikin ƙarar guduma da tartsatsin wuta.

Hannunsa yana da kyau, wannan ba mai musu. Ka kawo masa ƙarfen mota da ya karye, wanda babu irinsa a kasuwa, zai juya shi sau biyu, ya ce ka dawo bayan la'asar. Ka dawo ka tarar da sabo. Mutum tara ke aiki a ƙarƙashinsa, dukansu magidanta ne.

Sai dai yabon ya hau masa kai. Ya kai matsayin da ba ya tambayar kowa komai.

Wata ranar Talata Mma Mariyama, shugabar mata masu sayar da koko a Alabar, ta zo shagonsa da wani inji a bayan aboboya, keken nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya. Wani ƙarfe da ke riƙe da bel ɗin injin ne ya karye.

Duk wanda ya san koko ya san wahalarsa tana wajen tacewa. Bayan an niƙa gero, mace za ta sunkuya a kan baho tana matsa ƙullu da hannu, awa uku, awa huɗu, har bayanta ya ƙage. Wannan injin kuwa rariya biyu gare shi, ɗaya a cikin ɗaya, kowacce tana juyawa ta nata ɓangaren, ga wani ɗan hannu na ƙarfe da ke turo dusa waje. Aikin awa huɗu, yana gama shi cikin minti ashirin.

Brimah ya zagaya injin, idonsa ya yi haske. Gyaran bai wuce na rabin awa ba, amma sai ya ce, "Mma, aikin nan da girma. Ki ba ni kwana uku."

Tana juya baya ya kwance injin kaf. Ya auna kowane ƙarfe, ya zana a bayan kwali.

Yana cikin haka maƙwabcin shagonsa, Masta Sherif, ya leƙo. Sherif ya girme shi da shekara goma, aikinsa ƙera kayan injin niƙa, mutum ne mai sanyin magana. Ya ɗauki murfin injin, ya nuna wani ɗan allon tagulla da aka manna a jiki. Akwai sunan wani ƙaramin kamfani, da lambar waya, da wata doguwar lamba a ƙasa.

"Brimah, ka ga wannan lambar?"

"Na gani, Yaya."

"Ba ado ba ce fa. Mai injin nan ya yi masa rajista wajen gwamnati. Haƙƙin ƙirƙira ake ce masa, wanda 'yan boko ke kira fatent. Shekaru masu yawa ba mai ƙera irinsa ya sayar sai da izininsa."

Brimah ya yi dariya har da buga cinya.

"Yaya Sherif, a Magazine muke fa. Wace mota ce ba mu kwaikwayi kayanta ba? Wa ya taɓa zuwa ya kama wani?"

"Waɗancan tsofaffin kaya ne, lokacinsu ya wuce, ko kuma ba su da rajista a ƙasar nan. Wannan jiya-jiya aka yi shi, kuma mai shi yana nan kusa. Ga lambar waya. Ka kira ka tambaya. Ni ma injin ya burge ni, zan rubuta musu in nemi izini."

"To kai ka rubuta da biro, ni zan rubuta da wuta. Mu ga wanda zai riga ci."

Sherif ya ajiye murfin ya koma shagonsa.

Cikin mako biyu Brimah ya fitar da nasa injin. Ya shafa masa koren fenti, ya ƙara tsawon ƙafafu, ya rubuta sunansa da manyan baƙaƙe a jiki. Rariyar ainihi ta ƙarfen da ba ya tsatsa ce, mai tsada, shi kuwa ya sa ta ƙarfe gama-gari. Don haka nasa ya fi arha nesa ba kusa ba.

Kasuwa ta buɗe. Daga Aboabo ake zuwa, daga Asawase, har Techiman da Tamale an kai. Ya tsaya gaban injin aka ɗauke shi bidiyo yana bugun ƙirji yana cewa, "Wannan fasaha daga kaina ta fito." Bidiyon ya yi ta yawo a wayoyin mutane. In ya wuce shagon Sherif sai ya ɗaga murya, "Yaya, sun ba ka amsa kuwa?"

Sherif ya ce, "Sun ce ana dubawa."

A wata na bakwai takarda ta zo daga lauyan kamfanin. Ba ta da zafi. Ta ce injin ƙirƙirar Injiniya Ruwaida Bawah ce, ga lambar rajista, ana roƙonsa ya dakatar da ƙerawa ya zo a zauna cikin mako uku.

Matarsa Zuleha, wadda ke koyarwa a makarantar firamare, ita ta karanta masa takardar a gida. Da ta kai ƙarshe ta ɗago kai.

"Maigida, zama suka ce a yi. Ba su ce kotu ba tukuna. Ka je ka ji me za su ce."

"In je in durƙusa wa wa?"

"Ba durƙuso ba ne. In ba za ka je ba, ka kai wa lauya ya duba. Don Allah kar ka bar takardar nan haka."

Bai kai wa lauya ba, bai kuma yi shiru ba. Washegari a shago, gaban ma'aikatansa, ya kira lambar da ke kan takardar ya buɗe sautin wayar kowa na ji. Ruwaida ce da kanta ta ɗauka.

"Ke ce mai injin? Yarinya, tun kafin a haife ki nake walda. Na ga lambarki a jiki, na kuma ga takardarki. Ƙarfe ba shi da uba. Ki je duk inda za ki je."

Ta ce, "Na gode, Masta," ta kashe waya.

Ba da daɗewa ba ƙungiyar su Mma Mariyama ta ba shi aiki mafi girma da ya taɓa samu, inji talatin kafin azumi, lokacin da koko ke tafiya kamar ruwa. Brimah ya juye duk abin da yake da shi cikin ƙarfe da na'urorin lantarki masu juya inji. Tsofaffin abokan cinikinsa masu motoci kuwa ya ce su nemi wani, ba shi da lokacinsu.

Inji ashirin da shida sun kammala, suna jere a rumfar baya, ranar Alhamis da hantsi, sai ga ma'aikatan kotu da ɗan sanda ɗaya. Suka karanta masa umarni. An hana shi ƙerawa, an hana shi sayarwa, an hana shi fitar da ko ɗaya har sai an yi shari'a. Suka ƙirga injinan, suka sa wa rumfar kwado, suka manna takarda a ƙofa.

Ƙarar guduma ta tsaya a layin gaba ɗaya. Wani ɗan ƙabilar Asante mai sayar da kayan mota ya ɗora hannu a ka ya ce, "Asem aba," wato magana ta zo.

Brimah ya tsaya da gilashin walda a goshi, bakinsa a buɗe.

Kwana huɗu bayan haka Mma Mariyama ta iso da mata bakwai, kowacce riƙe da takarda. Su ma an rubuta musu cewa amfani da injin kwaikwayo wajen sana'a shiga haƙƙin mai shi ne, su dakata.

"Masta, kai ka ce mana naka ne," in ji Mma Mariyama. "A bidiyo ka faɗa, duniya ta ji. Ni da hannuna na kawo maka injin mutane gyara, ashe ni na buɗe maka ƙofar sata? Ga Habsa nan, marayu huɗu take ciyarwa da tukunyar koko. Ta sallami masu tace mata tunda ta sayi injinka. Azumi saura mako biyar. Ka gaya mana yadda za mu yi."

Habsa kuwa hawaye kawai take sharewa da gefen mayafi.

Brimah ya buɗe baki ya ce, "Zan gyara," amma shi kansa bai san me zai gyara ba.

Daga nan abubuwa suka dinga zubewa ɗaya bayan ɗaya. Babu aiki a shago, don masu motocin da ya kora sun sami wasu. Ma'aikatansa suka yi haƙuri mako biyu, sannan suka fara zamewa. Wannan ya ce mahaifiyarsa ba lafiya a Bawku, wancan bai ce komai ba, sai dai a wayi gari a ga akwatin kayan aikinsa babu. Har aka bar Brimah shi kaɗai yana gadin ƙofar da aka sa wa kwado.

Ya je wajen dattawan unguwa, suka ce magana in ta shiga kotu ta fi ƙarfin tabarma. Ya je wajen shugabannin masu sana'a na Magazine, suka tambaye shi, "Takarda ta farko da ta zo, me ka yi da ita?" Ya kira mutanen da suka sha cin abinci a shagonsa lokacin da kasuwa ke ci, wayoyinsu suka yi ta ringi ba a ɗauka.

Abinci ya daina shiga. Zai fita da safe kamar mai zuwa aiki, ya hau trotro, motar haya, har tashar Kejetia, ya sauka ya rasa inda zai nufa. Wata rana ya zauna a bakin masallaci bayan azahar, ya ga bai iya tuna ko ya yi sallar ko bai yi ba. Jiri ya ɗebe shi a hanyar gida, aka kai shi asibiti aka ce jininsa ya hau sosai.

Da aka sallame shi Zuleha ta ce, "Maigida, wancan karon na yi magana na ƙyale ka, yau ba zan ƙyale ka ba. Tashi mu je."

Ta kai shi unguwar Adum, ofishin wata lauya mai suna Fareeda, wadda ta san shari'ar irin waɗannan abubuwa. Lauyar ta saurare shi har ya gama.

Ya ce, "Lauya, nawa fa ba iri ɗaya ba ne. Nawa kore ne, nata fari. Ƙafafun nawa sun fi tsawo."

"Masta, kotu ba ta kallon fenti."

Ta juyo masa da fuskar kwamfuta, ta buga lambar nan ta jikin allon tagulla. Ko shayin da aka kawo musu bai huce ba, sai ga zanen injin ya fito, kowane ƙarfe da lambarsa.

"Wannan a buɗe yake, kowa na iya dubawa," in ji ta. "Ga inda maganar take. Waɗannan layukan su ne iyakar gonarta. Rariya biyu, ɗaya cikin ɗaya, suna juyawa saɓanin juna. Naka yana da su?"

"Yana da su."

"Hannun da ke turo dusa waje ba tare da an tsayar da inji ba?"

"Yana da shi."

"Kana da wani zane naka mai kwanan wata, ko shaida, da zai nuna ka yi irin wannan kafin ta yi rajista? Ko ka san wani inji irinsa da ake sayarwa tun da can?"

Ya tuna kwalin da ya yi zane a kai, wanda ya kwafa daga injin Mma Mariyama. Ya girgiza kai.

"To ga bidiyonka, ga kuma wayar da ka yi mata gaban shaidu kana cewa ka ga lambar. Ba za mu iya cewa ba ka sani ba. In aka yi shari'ar nan har ƙarshe, ina tsoron shagon kansa ba zai tsira ba."

Zuleha ta riƙe bakin tebur.

"Da na zo tun farko fa?" Brimah ya tambaya da ƙyar.

"Da ka zo kafin ka kunna wuta, da mun duba wannan, ka zaɓi ɗaya cikin uku. Ko ka bar shi. Ko ka nemi izini a rubuce, kana ƙerawa kana ba ta kasonta. Ko kuma, da irin hannunka, ka zauna ka nemo taka hanyar tacewa wadda ba ta taka waɗannan layukan ba, ka ajiye zanenka da kwanan wata, kai ma ka yi rajista. Ko ranar da takarda ta farko ta zo, ƙofa a buɗe take."

"Yanzu fa?"

"Yanzu sai sulhu, in ta yarda. Tun da matarka ta fara kawo mini maganar na kira lauyanta, ya ce ba ta son ganinka. Amma ya ce in ka je da ƙafarka ba wanda zai kore ka."

Wurin aikin Ruwaida yana bayan jami'a, wani ɗan gini mai rufin kwano. Brimah ya je ranar Litinin, aka ce tana aiki. Ya zauna a benci a waje tun safe har la'asar, ba ta fito ba. Ya koma Talata, haka. Ranar Laraba rana ta yi zafi ƙwarai, inuwar ta gudu daga bencin, bai tashi ba. Bayan azahar ƙofa ta buɗe.

Mace ce da ba ta wuce shekara talatin da 'yan kai ba, da rigar aiki a kan doguwar riga, hannunta da baƙin mai.

"Masta, ga yarinyar."

Brimah ya zame daga bencin ya durƙusa a ƙasa, mutumin da ya ce ba zai durƙusa wa kowa ba.

"Injiniya, na yi kuskure. Ki yi wa Allah."

"Tashi, ka girme ni. Ba na son wannan."

Bai tashi ba. Ta tsaya tana kallonsa, sannan ta ce, "Ka san Mma Basiratu mai koko a bakin masallacin Alabar?"

"Na sha kokonta."

"Mahaifiyata ce. Shekara talatin da ɗaya tana tace ƙullu da hannu. Yanzu ba ta iya miƙewa tsaye, sallah ma a zaune take yi. Saboda ita na yi injin nan. Shekara shida ina yi yana lalacewa, goma sha ɗaya na zubar kafin wannan ya yi. Kai ka kwance shi cikin kwana uku, ka ce daga kanka ya fito."

Ta nuna cikin ginin da hannu.

"Tunda naka ya fito mai arha, nawa ya daina tafiya. Mutum biyar na sallama a nan, su ma suna da iyali. Kuma rariyarka tana tsatsa. Mata suka fara cewa injin tace koko yana ɓata koko, ba su bambanta naka da nawa ba. Ka ɗauki wahalata, ka kuma ɓata mini suna."

Brimah ya sunkuyar da kai. Bai taɓa tunanin akwai wasu ma'aikata a wancan gefen ba.

"Bari in gaya maka abin da ba ka sani ba," ta ci gaba. "Lokacin da na aika maka takarda ta farko, ina neman wanda zai dinga ƙera mini injin a Magazine, don nan wurin ya yi mini kaɗan. Na sa an sayo naka na duba. Ban da rariyar, waldarka ta fi ta kowa. Na ce wa lauyana, in mutumin nan ya zo muka zauna, shi zan ba. Sai ka kira ni."

Brimah ya ɗago kai.

"Wa kika ba?"

"Masta Sherif. Wata takwas yana rubutowa, yana zuwa, yana jira. Mun sa hannu watan jiya."

Ya daɗe a durƙushe, gumi na zuba daga haɓarsa zuwa ƙasa. Da ya yi magana, ba maganar shagonsa ya yi ba.

"Injiniya, ni ki yi mini duk abin da kika ga dama, na cancanta. Amma matan nan ba su san komai ba. Ni na yi musu ƙarya. Akwai mai marayu huɗu a cikinsu, azumi ya kusa. Ki cire su a ciki."

Ruwaida ta kawar da kai ta kalli titi. Can ta ce, "Irin uwata ne su. Ban so aka rubuta musu ba, amma ba yadda zan tsayar da injinka sai haka. Ka ce wa lauyarka ta kira nawa."

Sulhun da aka rubuta bai yi masa sauƙi ba. Matan za su ci gaba da aiki da injinansu, amma za a kai kowanne shagon Sherif a sa masa rariya ta gaskiya da lambar kamfani, Brimah ne zai yi aikin da hannunsa ba lada. Zai yi sabon bidiyo ya faɗi wanda ya ƙirƙiri injin. Zai biya diyya, wadda sai da ya sayar da motarsa ta ɗaukar kaya da babban injinsa na gyaran ƙarfe kafin ta cika. Injinan nan ashirin da shida kuwa, za a yanka su.

Ranar Asabar da safe aka buɗe kwadon, gaban lauyoyi biyu. Mutanen layin suka taru, wasu a kan tsofaffin motoci. Brimah ya ce ba wanda zai taɓa su sai shi.

Ya ja gilashi ya rufe fuska, ya kunna wuta. Ya fara da na farko, daidai kan sunansa da ya rubuta. Koren fentin ya yi baƙi ya naɗe, ƙarfen ya rabe biyu ya faɗi. Ya matsa na biyu. A na goma Zuleha ta miƙo masa ruwa, ya sha bai ɗaga gilashin sosai ba, don kar a ga idonsa. Ba wanda ya yi dariya. Duk mai sana'a a wurin ya san abin da ake nufi da mutum ya yanka aikin hannunsa.

Sai bayan la'asar ya gama. Lauyoyi suka ɗauki hoto suka tafi, jama'a suka watse. Ya zauna a kan tulin ƙarfen, shagon da ya yi shekara ashirin yana ginawa ya zama fili.

Sai ya ji an dafa kafaɗarsa. Masta Sherif ne.

Brimah bai iya ɗago kai ba. "Yaya, faɗi abin da za ka faɗa. Ka gaya mini tun farko."

"Ba wannan ya kawo ni ba. Aikin ya yi mini yawa. Ƙungiyar Mma Mariyama har yanzu tana son injinanta, ga wasu daga Tamale. Ni zan yi rariya da cikin injin, don ni aka ba izini. Amma ƙafafu da gangar waje, ina neman mai hannu. Na yi wa Injiniya magana, da ƙyar, amma ta yarda a ba ka. Ba aiki mai yawa ba ne, zai dai iya dawo maka da mutum biyu ko uku."

Mutumin da ya ƙera inji sukutum ya sa sunansa, yau ƙafafu ake ba shi. Ya kalli tulin ƙarfen da yake zaune a kai, ya kalli Zuleha da ke tsaye a bakin ƙofa.

Sannan ya ce, "Yaya, da baki ta yarda, ko a rubuce?"

Sherif ya yi murmushi, ya zaro takarda daga aljihun rigarsa.

Brimah ya goge hannunsa a wando, ya karɓa. Ya karanta daga sama har ƙasa yana bin layi da yatsa, ya sake komawa farko. Sherif ya miƙo masa biro.

Bai karɓa ba. Ya ninke takardar a hankali ya ce, "Ka ba ni zuwa Litinin. Sai Lauya Fareeda ta gani."

Darasi: Iya ƙera abu daban, samun izinin ƙera shi daban. Kai mai ƙaramar sana'a, kafin ka kwaikwayi abin wani ka sayar, ka duba ko yana da rajista, ka tambayi wanda ya san doka, ka nemi izini a rubuce ko ka nemo taka hanyar ka ajiye shaidarta. In takardar gargaɗi ta zo, kar ka jefar, kar ka mayar da zagi, don wata ƙofar sau ɗaya ake buɗe ta. Girman kai ya cinye wa Brimah shekara ashirin, haƙurin wata takwas ya ba Sherif abin da Brimah ya rasa. Ka tura wannan ga duk mai walda, tela, kafinta ko mai haɗa kaya da ka sani, wataƙila ka tsare masa shagonsa.